Darasi Na Bakwai: Matakan Reno Da Lafiyar Tsakar Gida

7.0 Gabatarwa

Reno shi ne ɗawainiyar da iyaye da dangi kan yi da yaro tun daga haihuwa har zuwa lokacin da zai yi wayo. A wannan darasi za a dubi matakan da yaro kan bi a gidan Bahaushe, sannan a kawo misali daga ƙasar Bukkuyum, domin ɗalibi ya ga yadda lafiyar yaro ta dogara ga tsabtar ƙasar da yake wasa a kanta.

7.1 Matakan Reno

(a) Jego: Ana raɗa wa jariri suna ranar bakwai, wanzami ya yi masa aski. Mai jego kan yi kwana 40 tana wankan ruwan zafi da shan kunun kanwa.

(b) Zama: Wajen wata 6 yaro kan fara zama, a kewaye shi da tsummoki don kada ya tuntsure.

(c) Rarrafe: Daga nan sai ya sauka daga bayan uwa ya shiga zagaya tsakar gida. Duk abin da hannunsa ya taɓa, baki zai kai, musamman idan haƙori ya fara tsirowa.

(d) Tatata: Wajen shekara guda yakan miƙe yana dafa bango, yayye na riƙe da hannunsa har tafiya ta nuna.

(e) Yaye: Idan ya kusa shekara 2 akan cire shi daga nono, galibi a kai shi wurin kaka.

7.2 Misali Daga Bukkuyum Da Anka

A shekarar 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan jihar Zamfara, kamar 'Yargalma a ƙaramar hukumar Bukkuyum da Dareta a ta Anka. Bincike ya nuna gubar dalma ce sanadi. Magidanta kan kawo duwatsun zinariya gida, a daka a turmi ko a niƙa a inji. Duwatsun kuwa cike suke da dalma, don haka ƙurarsu ta bi tsakar gida da ɗakuna da kwanonin abinci. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 suka rasu, akasarinsu 'yan ƙasa da shekara 5.

Me ya sa abin ya fi shafar masu rarrafe da tatata? Dalilai biyu ne. Na farko, su ne kullum hannu a ƙasa, sannan a baki. Na biyu, a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, jikin ƙaramin yaro kan tsotsi dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba kan tsotsa. Wannan ne ya sa masu aikin ceto suka fara da kankare ƙasar gidajen a zuba sabuwa, domin magani ba ya amfani idan yaro zai koma rarrafe cikin ƙurar da ta cutar da shi.

7.3 Rawar Malami

Yaron da ya tsira da ransa yana iya tashi da raunin fahimta ko yawan mantuwa. Saboda haka, bai kamata malami ya yi saurin kiran ɗalibi daƙiƙi ko ya ɗauko bulala ba. Ya binciki sana'ar gidansu cikin ladabi, ya shawarci iyaye su kai shi asibiti. Haka kuma, ya wayar da kansu game da raba aikin ma'adinai da gida, da sauya tufafin aiki kafin ɗaukar yaro, da wanke masa hannu kafin cin abinci. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

7.4 Auna Fahimta

1. Kawo matakan reno guda 5 tare da bayanin kowanne.
2. Me ya sa gubar dalma ta fi kama masu rarrafe?
3. Tsara jawabin da za ka gabatar a taron iyaye da malamai game da tsabtar tsakar gida.