Ma'anar Yiwuwar Hasashe da Amfaninta ga Aikin Gona a Yankin Lafiya

Gabatarwa

A kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina tun kafin ruwa ya sauka. Malaman gona sukan kai wannan bayani ƙauyuka, manoma kuma su auna shi da abin da idonsu ya gani. Idan an dace a yaba, idan an saɓa a ce masana ba su san kome ba. Wannan darasi zai bayyana wata kalma da ke warware wannan saɓani, wato yiwuwar hasashe.

Mene ne yiwuwar hasashe?

Hasashe shi ne faɗin abin da ake tsammanin zai faru. Yiwuwar hasashe kuwa hali ne na shi abin da ake magana a kansa: gwargwadon yadda za a iya sanin sa tun kafin ya auku. Wani abu yana hasasuwa ƙwarai, wani kaɗan, wani kuwa ko ƙwararre ba ya iya cewa kome a kansa.

A 1974 wani masanin muhalli na Amurka, Robert Colwell, ya nuna cewa wannan hali yana da tushe biyu. Na farko shi ne abu ya dawwama a kan yanayi ɗaya, kamar tsawon yini a Lafiya, wanda ba ya nisa da awa 12 duk shekara. Na biyu shi ne abu ya riƙa sauyawa, amma bisa tsari mai maimaituwa, kamar zuwan damina da rani. Ba wanda ke shakkar cewa Janairu rani ne a Lafiya, Doma ko Obi, Satumba kuma damina. Wannan tushe na biyu shi ne kalandar manomi tun kaka da kakanni.

Matsalar tana cikin ƙananan tambayoyi. Cewa damina za ta zauna wajen Afrilu ta ɗauke wajen ƙarshen Oktoba abu ne mai hasasuwa sosai. Amma wane mako za ta zauna, wannan ya fi wuya. Ko za a yi ruwa a wata gona ranar kasuwa ta wata mai zuwa, wannan ba ya hasasuwa sam. Tun 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin kuskure wajen auna iska a yau yana girma da sauri, shi ya sa hasashen rana-rana ba ya wuce kimanin mako biyu, kome ingancin kwamfuta. Hasashen damina baki ɗaya yana yiwuwa ne don ya dogara da abubuwa masu sauyawa a hankali, musamman zafin ruwan tekun Atlantika da na Fasifik. Saboda haka yana magana ne a kan yanki da watanni, ba gona ɗaya da rana ɗaya ba.

Farkon damina da ƙarshenta

Babbar asarar manomin wannan yanki tana zuwa ne daga ruwan yaudara. Ruwa ya faɗi a Maris ko farkon Afrilu, a shuka masara, sai ya ɗauke kwana 10 ko fiye, tsiro ya ƙone. Kadada ɗaya tana cin irin masara kilo 20 zuwa 25, ban da kuɗin ƙwadago, ga kuma ɓata lokaci.

A 1988 M.V.K. Sivakumar na cibiyar ICRISAT da ke Nijar ya bayar da ma'auni: damina ta zauna idan ruwan kwana 3 a jere ya kai milimita 20, kuma ba a sami tsayawar ruwa fiye da kwana 7 ba cikin kwana 30 masu biyowa. An tsara shi ne don ƙasashen da ke arewa da mu, inda ake fara lissafi daga 1 ga Mayu, don haka a Lafiya sai a jawo lissafin baya zuwa Afrilu. A lura da kyau: rabin farko na ma'aunin ana iya auna shi a ranar, rabi na biyu kuwa sai bayan wata guda ake tabbatar da shi. Nan ne hasashen kwana 3 zuwa 7 ke da amfani, domin shi ne ke cike wannan giɓi.

Binciken ya kuma nuna cewa ranar farawa ta fi ranar ɗaukewa sauyawa daga shekara zuwa shekara. A ganina wannan shi ne abin da malamin gona ya fi kamata ya riƙe. Tunda ƙarshen damina ya fi tsayuwa, idan ta makara, tsawonta zai ragu ke nan, kuma manomi ya san haka tun ranar shuka. Sai ya bar iri mai daɗewa ya koma ga mai saurin nuna, kamar SAMMAZ 27 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wanda ke jure fari da wuta-wuta. Masu noman riɗi a Doma da kewaye suna amfani da wannan tsari ko da ba su kira shi da suna ba, domin suna shuka na ƙarshen damina ne don ya nuna daidai lokacin da ruwa ke ɗaukewa.

Yadda malamin gona zai isar da hasashe

Idan aka ce, misali, akwai kashi 60 cikin 100 na samun ruwa ƙasa da yadda aka saba, ma'anarsa a cikin shekaru 10 masu irin waɗannan alamu, 4 ba za su kasance haka ba. Malamin da ya fassara wannan da cewa za a yi fari ya yi wa manomi alkawarin da masana ba su yi ba, kuma badi ba za a saurare shi ba.

Ana shawartar manoma su zuba kuɗinsu gwargwadon hasasuwar abu. Sharar gona, tanadin iri da tada kunya su bi kalandar da aka sani. Shuka ta jira damshi ya shiga ƙasa. A raba takin zamani kashi biyu, NPK a farko, yuriya bayan mako 5 zuwa 6, kada a zuba duka a lokacin da ba a san halin damina ba. Manoman fadamun Binuwai a Awe da Loko, waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022, su haɗa da sauraron sanarwar ambaliya ta hukumar NIHSA.

Kowane malamin gona ya ajiye ma'aunin ruwan sama a da'irarsa, ya karanta shi kowace safiya a lokaci ɗaya, ya rubuta a littafi har da ranakun da ba a yi ruwa ba.