Baba Ya Yi Ritaya, Katin Asibitinsa Ma Ya Bi Shi?

Tambaya: Mahaifina ya yi wa gwamnatin tarayya aiki shekara 35. Yana ajiye aiki aka ce katinsa na inshorar lafiya ya daina aiki, ga hawan jini, ga ciwon suga. Wai haka tsarin yake? Daga wata mai karatu a Tunga, Minna.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Haka aka ɗora tubalin tun farko, kuma a ganina nan aka yi kuskure.

Tun 1962 ministan lafiya Dakta Moses Majekodunmi ya kai maganar inshora gaban majalisa a Legas, ba ta yi nasara ba. Sai a 1999 gwamnatin ɗan garinku, Janar Abdulsalami Abubakar, ta kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, Obasanjo ya ƙaddamar da shirin a 2005. Amma da albashi aka ɗaure shi: ma'aikaci, matarsa ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ranar da sunan mutum ya fita daga takardar albashi, ranar kati ke mutuwa, daidai lokacin da gwiwa ta fara ƙara, ledar magani ta zama abokiyar kwana a gefen filo. A Gana kuwa, wanda ya kai 70 an ɗauke masa kuɗin shekara.

An taɓa gyara. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma sa tsofaffi cikin masu raunin da gwamnati za ta biya wa. Sai dai doka a takarda daban, kuɗi a asusu daban.

Ƙofa biyu za ki ƙwanƙwasa. Ki riƙe lambar NIN ta Baba, ki je hukumar inshorar lafiya ta jihar Neja, NiCare, ko asibitin shan-magani na mazaɓarku, ki tambaya ko akwai gurbi a shirin BHCPF na marasa ƙarfi. Gurbin ba shi da yawa, kada ki yi sanya. In babu, akwai GIFSHIP na NHIA, inda ku 'ya'yansa za ku haɗa ku biya masa kuɗin shekara.

Kafin ki ba da ko sisi, ɗauki kwalayen magungunan da yake sha ki nuna wa ma'aikatan inshorar, su gaya miki wanne ke cikin jerinsu, wanne za ki ci gaba da saye a kemis.