Sola Ta Fi Janareta, Amma A Kula Da Batir

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafi ya sauya wa mai shagon cajin waya a Yargoje da manomin rani a Faskari ko Sabuwa. Idan kun karkata ga sola, madalla. Farantinta ba hayaƙi, ba ƙara, ba ya tsiyayar da baƙin mai a fadama ko bakin rijiya. Hayaƙin janareta kuwa yana ɗauke da iska mai guba marar wari, wadda kan kashe mutum yana barci. Don Allah kada a tayar da janareta a zaure ko gindin taga.

Sai dai akwai kuskuren da ke damuna: batirin sola ya mutu, a jefar a bola, yara su fasa. Galibi cikinsa dalma ce da ruwan asid. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta hallaka a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. Ku mayar wa mai sayarwa da mataccen batir, kada ku fasa shi a gida.

Farantin sola kuma ya fuskanci kudu, nesa da inuwar darbejiya. Da hunturu ku riƙa goge ƙura da tsumma mai laushi tun da sassafe, kafin ya ɗau zafi.