Yadda za ka haɗa filtar rediyo mai sauya mita da lantarki

Idan aikinka na kammala digiri ya faɗa kan filtar da ake sauya mata mita ba tare da juya sukuru ba, ga abin da za ka fara gobe da safe. Aikin filtar ɗaya ne: ta bar siginar da kake so ta wuce, ta tare sauran.

1. Rubuta zangon mitarka tun kafin ka sayi komai. Daga 1.8 zuwa 2.4 GHz ya ishi mai koyo, domin a nan ake samun wasu layukan wayar salula da kuma Wi-Fi.

2. Zaɓi diyod ɗin barakta. Shi ne mai araha da saurin sauyi. Ana ba shi wuta a juye: kana ƙara bolt, ƙarfin kafasitarsa yana raguwa, mita tana hawa. Filtar YIG ta fi shi tsabtar aiki, amma da maganaɗisu ake sarrafa ta, tana da tsada, tana cin wuta.

3. Yi lissafi. Kafin mita ta ninka sau 2, sai ƙarfin kafasita ya ragu sau 4. Duba takardar bayanin diyod ɗin ka tabbatar zai iya.

4. Gwada zanen a kwamfuta tukuna. Manhajar Qucs kyauta ce. Ka tsara mashiga da mafita a kan om 50.

5. Kula da allon. Allon FR4 yana shan sigina idan mita ta hau. Idan aljihu ya yarda, nemi Rogers RO4003C. Gajarta ƙafafun kaya, kada ka cika dalma.

6. Raba wutar sarrafawa da sigina. Shigar da wutar ta babban resista, kamar kilo-om 10, ka sa kafasita a mashiga da mafita don tare wutar.

7. Auna da NanoVNA, amma ka tabbatar naka yana kaiwa 3 GHz. Daidaita shi kafin awo, sannan ka rubuta sakamako a kowane bolt. Asarar sigina ta fi yawa a ƙaramin bolt, don haka kada gabanka ya faɗi.

Idan sigina mai ƙarfi tana gurɓata sakamako, haɗa barakta biyu baya da baya. Ka sayi kaya da rara, domin ƙananan diyod ɗin nan ba sa jure zafin ƙarfen dalma.