Kafin Ka Sayi Babbar Mota a Ƙasar Waje

Akwai wata lalura da ke kama mutanenmu da yawa a watanninsu na farko a ƙasar waje. Mutum ya yi shekara da shekaru yana lallaɓa Golf ko Corolla a titunan Kano, ya san kukanta, ya san lokacin da take son juye, ya san inda zai taɓa idan ta ƙi tashi da asuba. Sai ga shi a Ingila ko Jamus ko Amurka, ya buɗe waya ya ga Mercedes da BMW da Range Rover na hannu birjik, an sa musu kuɗin da albashin 'yan watanni zai biya. Motar da a gida sai manyan Alhazan Kantin Kwari, yau ga ta ana roƙonsa ya saya. Daga nan zuciya ta fara saƙe-saƙe.

Ban ga laifin wannan sha'awa ba. Wanda ya sha turin mota a Ƙofar Nassarawa da rana tsaka ya isa ya so kujerar fata da sanyin da ba ya yankewa. Sai dai ya kamata ka san dalilin arahar. Babbar mota darajarta ce ke zubewa da shekaru, kuɗin gyaranta kuwa yana nan inda kamfani ya ajiye shi ranar da ta fito sabuwa. Mai ita na farko ya more ta lokacin da garanti ke kanta, da ya ƙare ya sallama, kai kuma ka zo ka gaji tsufanta. Araha ba ta ado. A gida, idan Corolla ta yi tari, bakanikenka zai leƙa Ƙofar Ruwa ya samo kayan, ku yi ciniki a kan kuɗin aiki, har ya ce ka kawo ragowar ƙarshen wata. A can da awa ake lissafin aikin bakanike, kuma kafin ya ɗauki sifana sai ya jona mata kwamfuta, wannan ma da kuɗinsa.

Don haka tun kafin zaɓe, ka yanke shawara a kan inda motar za ta zauna. Can za ka hau ta har ta gaji, ko kuwa niyyarka bayan shekara biyu ka ɗora ta a jirgin ruwa zuwa gida? Wadda ta dace da zaman can sau da yawa ba ta dace da Kano ba.

Idan can za ta zauna, kuma Ingila kake, fara da lasisi. Na Najeriya wata 12 kawai zai yi maka aiki daga ranar da ka zama mazauni, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa kai tsaye. Dole ka yi jarrabawar dokokin hanya da ta tuƙi kamar ɗan koyo. Kamfanonin inshora ma galibi haka za su ɗauke ka. Shekarun da ka yi kana ratsa cunkoson Kasuwar Rimi ba ka goge kowa ba, babu su a lissafinsu. An kasa motoci rukuni-rukuni na inshora daga 1 zuwa 50, manyan nan kuwa can sama suke. Range Rover ta yi ƙaurin suna a hannun ɓarayin Landan, har inshorarta ta gagari masu ita da yawa a 2023. Sa lambar motar ka nemi farashin inshora tukuna, sannan ka je ganinta. Mazaunin Landan kuma ya lura da dokar hayaƙi ta ULEZ, wadda aka faɗaɗa ta game birnin a ranar 29 ga Agusta, 2023. Motar dizal da ba ta kai matakin Euro 6 ba, wato galibin waɗanda aka yi wa rajista kafin ƙarshen 2015, fam 12.50 za ka biya duk ranar da ka fito da ita. Da yawa daga cikin Mercedes masu arahar nan da ke ɗaukar ido, asirinsu ke nan.

Tarihin gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara a Ingila, kyauta ne a shafin gwamnati: za ka ga mil nawa motar ta ci kowace shekara da abin da aka ce a gyara. Idan lissafin ya koma baya, an taɓa mita. Biya 'yan kuɗi a yi binciken HPI, don kada ka sayi motar da bashi ke kanta ka shiga rigimar da ba kai ka haɗa ba. A Amurka kuwa rahoton Carfax za ka nema da lambar shasi, ka kiyayi motocin gwanjo da inshora ta riga ta yanke musu hukuncin lalacewa. Bayan guguwar Harvey da ta nutsar da Houston a 2017, dubban motocin da suka kwana a ruwa sun shiga kasuwa an wanke su tas. Kada sheƙin fenti ya ruɗe ka. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina. Haska ƙarƙashin kujera ka duba tsatsa a jikin ƙarafa. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, domin mai wanki ba ya kaiwa can, nan shatin ruwa ke ɓuya.

Dillali zai yi maka tayin biya wata-wata cikin fara'a. Akwai kuɗin ruwa a ciki. Tara jimillar abin da za ka biya har ƙarshe ka gani da idonka, hukuncinsa kuma ka tambayi malaminka kafin ka sa hannu.

To, idan gida za ta zo fa? Motar Ingila dai cire ta daga lissafi. Tun watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, sitiyari a hagu, kuma hukuma ba ta yarda da mai sitiyari a dama ba. Juya sitiyari a gareji, a motar da wayoyi da na'urori suka cika ta, kasada ce da ran iyalinka. Sai ta Jamus, Beljiyam, Amurka, Kanada ko Dubai. Kwastan ta haramta shigo da motar da ta haura shekara 12 da ƙerawa, kuma tun 2022 da lambar shasi take ƙiyasta kuɗin fito, wanda ke hawa da sauka tare da dala. Hanyar Kwatano da Maraɗi da iyayenmu suka sani, gwamnatin Buhari ta rufe ta ga motoci daga Janairun 2017. Dokokin nan suna sauyawa, saboda haka ji ta bakin wakilin fito a Legas kafin kuɗinka su fita.

Babban alƙalin kuwa lungun gidanku ne, in dai ɗan cikin Birni ne kai. Yakasai, Zage, Alfindiki, Madabo, Koƙi, an shata lungunansu ƙarnoni kafin a san mota. Kasuwar Kurmi ma tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15. Da jaki da kayansa aka auna faɗin hanyoyin nan. Rufe ido ka bi naku daga bakin titi: kwata a gefe, dakalin maƙwabci ya turo, mai ƙosai ta kafa kasko a kwana, Adaidaita Sahu na tahowa ba shi da niyyar ja da baya, almajirai sun taso daga makaranta. Mercedes S-Class tsawonta ya haura mita biyar. Ta ina za ta karya kwanar? Ƙarshenta a harabar firamare ko gidan mai za ta riƙa kwana, kana biyan maigadi, kana taka sayyada zuwa wurinta kowace safiya. Ga cikinta kusa da ƙasa, duk tudun rage gudu sai ya sumbace ta, da damina kuma ruwan da ke gangarowa Jakara ba ya tambayar farashin mota. Masu ƙafar iska, irin Range Rover da wasu Mercedes, ƙura da zafin Afrilu da ramuka suna saurin cinye balan-balan ɗinsu. Wata rana za ka iske ta ta durƙusa kamar raƙumi, kayan gyaran kuma sai an aika Legas ko Dubai.

Mai ma abin dubawa ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, injin mai silinda takwas ya zama baƙon da ba ya ƙoshi. Da yawa daga cikin manyan motocin Jamus fetur mai daraja ta sama aka ƙera su su sha, gidajen manmu kuwa iri ɗaya suke sayarwa. Dizal na zamani, mai matatar hayaƙi da tankin AdBlue, bar wa Turawa kayansu.

Ra'ayina a fili yake. Wanda ya saba da Toyota, kuma yana son jin daɗi ba tare da hawan jini ba, ya nemi Lexus ES 350, ko RX 350 idan hanyar gidansu ba ta da kyau. Kamfanin Toyota ne ke yin su, injinsu dangin na Camry da Highlander ne, kanikawan Kano sun san cikinsa. Idan kuma zuciya ta kafe sai Mercedes, to a tsaya ga C-Class ko E-Class mai fetur, mai ƙafar ƙarfe, wadda takardun juyenta suka cika. A ajiye wani kaso na kuɗin a gefe don gyaran farko, domin zai zo. Kada kuma a manta, ranar da hoton motar ya faɗa zauren WhatsApp na dangi, ranar kuɗin makarantar 'ya'yan 'yan'uwa da gudummawar biki za su tashi. Wannan ma cikin farashinta yake.

Ɗan'uwa, yi shekararka ta farko da ƙaramar mota, ka samu lasisin ƙasar, inshora ta san ka. Idan lokaci ya yi, kafin ka biya ko sisi, buga wa bakanikenka na Kano waya, ka faɗa masa sunan motar da shekararta. Idan ya ce "kawo ta, Alhaji, mun saba da su," bismillah. Idan ya yi jim ya ce "to, Allah dai ya sa albarka," nemi wata.