Ɗanmu Ya Tafi Jami'a, Yaya Jikinsa?

Kowace shekara 'ya'yanmu suna barin gida su tafi jami'a, waɗansu Zariya, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, waɗansu Jos ko Kano. Mukan gargaɗe su a kan karatu, amma ba safai muke yin maganar jiki ba. A gida uwa ce take lura da tuwo da lokacin kwanciya. A can kuwa ba mai lura.

Barci ne sabon ɗalibi yake fara yasarwa. A ganinsa kwana a kan littafi shi ne himma. Ba haka ba ne, gama cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Yana bukatar sa'a 7 zuwa 9. Wanda ya ci goro don ya kai asuba, da safe sai ya tarar rabin karatun ya zube. Abin da ya fi wannan muni, wani aboki zai miƙa masa tramadol ko maganin tari mai kodin, ya ce yana ƙara ƙarfi. A 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin irin wannan maganin tari saboda matasan da ya lalatar. Mu faɗa wa ɗanmu sunayensu tun bai tafi ba.

Jiƙaƙƙen garin rogo da sukari yakan kashe yunwa, amma ba ya gina jiki. Sai da wake ko gyaɗa. Mu sa masa gidan sauro cikin akwati, ko da abokan ɗaki za su yi masa dariya. In zazzaɓi ya kama shi, ya je asibitin makaranta a gwada jininsa, kada ya sayi ƙwaya da ka.