Darasi: Yaron da Ya Ce Ya Gaji da Duniya

Shekara da shekaru 'yan bindiga daga dajin Kamuku suka addabi ƙauyukan Birnin Gwari. An yi sulhu a ƙarshen 2024, amma tsoro bai bar zukatan matasa ba, musamman waɗanda suka rasa iyaye.

Irin wannan yaro yakan kasa barci, ya ƙi abinci, ya guji abokai. Wani har ya ce gara ya mutu. Wannan ciwo ne, kuma yana da magani. Yakan yi shiru ne don gudun a ce ya haukace, zance ya bazu a gari.

Wanda yaro ya amince wa, ya saurare shi ba faɗa ba gori. Ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta ingiza shi. Kada a bar shi shi kaɗai. A kulle maganin ƙwari na gona. A kai shi babban asibitin Birnin Gwari, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta ba majiyyaci haƙƙin a rufa masa asiri.